Continental Mark II ta 1956 a siton wani manomi a Ohio: in saya ko in haƙura?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san tsofaffin motocin Amurka. Wani Bature abokin aikina ne kakansa ya rasu ya bar mota a sito a gonarsu, can cikin ƙauyen Ohio, magada na son rabuwa da ita kafin su sayar da gonar. Continental Mark II ce ta 1956, baƙa, mai ƙofa biyu. Ga hotunan da ya turo. Tun shekarun 1980 aka ajiye ta, ba wanda ya sake tayar da ita. Fentin na asali ne, kujerun ma haka, tayoyi sun zauna, injin kuma ya ce ba ya juyawa. Dala 9,500 suke nema. Ina da gareji a gida, ina ɗan taɓa kanikanci a ƙarshen mako, amma ban wuce canza birki da baƙin mai ba. Burina in mayar da ita sabuwa fil kamar ranar da ta fito daga kamfani. Me kuka gani?

Oga Panteka: Wa alaikumus salam. Yallaɓai wannan ai gidan ɓeraye ne mai taya huɗu. 😂 Amma wallahi tana da kyau. Wane kamfani ne? Ban taɓa kwance irinta ba.

Kawu Detroit: Ta kamfanin Ford ce, Oga. Mutane kan ce mata Lincoln, amma lokacin da aka ƙera ta reshe guda Ford ya buɗe mata mai suna Continental, aka ɗora William Clay Ford, jikan Henry Ford, a kansa. An fara nuna ta a bajekolin motoci na Paris a watan Oktoban 1955. A nan kusa da mu aka haɗa su, a Allen Park, yawanci da hannu. Shekara biyu kacal aka yi ana yin ta, 1956 da 1957, duka-duka kimanin guda 3,000. Kuɗinta wajen dala 10,000 ne, a lokacin da mutum zai sayi sabuwar Ford ta talakawa a kan kusan dala 2,000. Da Rolls-Royce take gogayya a farashi. Elvis Presley ya mallaki ɗaya, Frank Sinatra ma, har da Sarkin Iran na lokacin. Duk da wannan tsadar an ce Ford na asarar wajen dala 1,000 a kan kowace guda, shi ya sa ba ta yi tsawon kwana ba.

Baban Walid, ɗana, ka riƙe wannan maganar ta ƙarshe da kyau. Kamfanin da ya ƙera ta, da ma'aikatansa da injinansa, bai ci riba a kanta ba. Kai kuma kana so ka sake ƙera ta a garejin gidanka.

Hajiya Mai Lissafi: Tambaya ɗaya gare ni kafin ku nutse cikin ƙarafuna. Maman Walid ta ga hotunan nan?

Baban Walid: Hajiya, ki rufa min asiri, a bar wannan babin tukuna.

Hajiya Mai Lissafi: To na bari. Amma ga abin da na lura: dala 10,000 ta 1956 ta haura dala 100,000 a kuɗin yau. Motar da aka yi wa masu wannan aljihun, kayan gyaranta ma na masu wannan aljihun ne. Dala 9,500 ɗin kuɗin shiga ne kawai.

Injiniya Ƙarami: Ni a ganina a daina wahalar da kai da tsohon inji. A cire shi, a sa Coyote 5.0 na Mustang da giyarsa, a sa birkin faifai gaba da baya, a sake wayarin gaba ɗaya. Daga waje tsohuwa, daga ciki sabuwa. Haka matasa ke yi yanzu, kuma ka hau ta kullum ba fargaba.

Oga Panteka: Ƙanena ya zo da magana. Ko ma a loda ta a kwantena a kawo mana Kaduna. Mu sa mata injin Land Cruiser, fanel bita ya buga duk inda ya ruɓe, mai fenti ya wanke ta. Abin da za ka kashe a can wata guda, a nan ya isa a gama aikin har a yi walima. Ai haka mutanen Kyuba suke yi, tsofaffin motocin Amurka da injin dizal a ciki, har yau suna haya da su.

Kawu Detroit: Mutanen Kyuba dole ce ta sa su, Oga, takunkumi ya hana su kayan gyara. Shi wannan yana zaune ne tsakiyar inda kayan suke. Kuma ku biyun kun kama wurin da ba shi ne matsala ba. Injin nan shi ne abu mafi sauƙi a jikin motar. V8 ne mai lita 6, wanda suke ce wa 368, ƙarfin doki 285 a ta 1956. Irinsa ne a cikin Lincoln Premiere da Capri na shekarun, sai dai na Mark II zaɓa ake yi, a kwance a daidaita a gwada kafin a ɗora. Ringi, gasket, famfon ruwa, famfon mai, duk ana samu. Kowane tsohon bakanike da ya san V8 na da zai iya da shi, ba kwamfuta ba komai.

Inda kuɗi ke ƙonewa shi ne abin da ita kaɗai ke da shi. Bodinta ba ya shiga da na kowace mota. Ƙofa, bonet, murfin but mai wannan tudun na safaya, gilashin gaba, fitilun baya (bakin tankin mai ma a bayan fitilar hagu yake ɓoye), duk nata ne ita kaɗai, kuma guda 3,000 aka yi. In abu ya ɓata, sai ka jira wata ta mutu ka gaje ta. Murfin tayar nan da kuke gani, kowane tsinke da ke jikinsa daban aka yi shi aka ɗaura da hannu. Baban Walid, a hoto na uku ban ga murfin tayar baya ba. Ka tambaya ko yana cikin but.

Baban Walid: Zan tambaya, Kawu. To kurom ɗin fa? Bambar gaba kamar ta yi ƙuraje.

Kawu Detroit: Bamba ƙarfe ce, ana iya kankare ta a sake mata wanka: jan ƙarfe, sai nikel, sannan kurom. Tsada ne kawai, don masu wannan sana'ar sun ragu, dokokin muhalli sun matse su saboda gubar sinadarin. Ƙananan kayan ado su ne ciwon kai. Da wani gauraye mai tutiya aka zuba su, in ya yi ƙuraje daga ciki yake cinyewa, sai an haƙe kowane rami an cike shi da hannu kafin a yi wankan. Awa ake biya, ba guda ba. Ka duba bambar baya ma, domin ta cikinta salansa ke fitowa, hayaƙi da raɓa sukan cinye bakin.

Ɗan Damagaram: Sannunku da hira. Ni kujerun nake kallo. In fata ce ai gida za a zo. Majeman Kano da na nan Damagaram ba su da na biyu, jar fatar akuyar Sakkwato kuwa har Turai aka san ta. A auna a aiko, dukawa su ɗinka.

Kawu Detroit: Allah ya bar zumunci, Malam. Fatar akuyarmu ta jaka ce da takalmi da bangon littafi, ta yi ƙanƙanta ga kujerar da ta kai faɗin gado. Wadda ke cikin motar nan fatar shanu ce daga kamfanin Bridge of Weir na Skotland, kuma kamfanin na nan har yau. Amma ni ban ga dalilin cire ta ba. A hoton ta bushe ta yi layi-layi, ban ga inda ta yage ba sai gefen direba. A wanke ta a hankali, a riƙa shafa mata man fata tana sha, a bar ta ta huta, a sake. Inda ya yage a yi masa faci ta ciki.

Bari ma in faɗi ra'ayina gaba ɗaya tunda an zo wurin. In shasin lafiya yake, ka saya, amma ka cire maganar "sabuwa fil" daga ranka. Ka gyara abin da zai sa ta tashi, ta yi tafiya, ta tsaya in an taka birki. Fenti da kujeru da kurom ka wanke ka goge ka bar su. Fentin nan irin wanda Turawa ke ce wa lacquer ne, da aka fesa hawa-hawa ana gogewa da hannu tsakanin kowane hawa, irin wannan in bai ɓare ba yakan farfaɗo da gugar hannu. Mai kuɗi na iya sayen sabon fenti gobe, amma na 1956 in ka kankare shi ya tafi ke nan. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka, AACA, ma tana da rukuni na musamman na motocin da aka bari a yadda suke, haka ma gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach.

Alhaji na Houston: Kawu, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Wannan yayin na "a bar ta yadda take" ya zama mafakar masu gudun kashe kuɗi. Na je taron tsofaffin motoci na ga tsatsa tsagwaronta an shafa mata mai ana ce mata tarihi. Motar nan don ƙyalli aka yi ta. An ce cikin mayafi mai laushi ake lulluɓe ta a kai wa dila don kada ƙura ta taɓa ta. Wanda ya biya dala 10,000 a 1956 da zai ga ana yawo da ita fenti a dushe, kurom da ƙuraje, cewa zai yi an wulaƙanta ta. In za a yi, a yi mai kyau. In ba hali, a bar wa mai hali.

Kawu Detroit: Alhaji, ba mu saɓa sosai ba. In fentin ya tafi, ƙarfe ya fito fili, ba abin da za a adana, sai gyara. Amma mai halin da kake faɗa, shi ma in yana da lissafi wadda aka riga aka gama yake saye. Kowa a harkar nan ya san gyaran Mark II daga tushe yakan ci fiye da abin da za a saye ta in an gama. Ga kuma abin da na sha gani da idona a garejin mutane: a kwance mota da zafin nama cikin wata guda, a zuba kusoshi a gwangwanaye, a jingina ƙofofi a bango, kuɗi su yanke, yara su shiga jami'a, bayan shekaru a sayar da ita a kwali-kwali a kan rabin kuɗin da aka saye ta tana haɗe. Motar da ke tafiya kuwa, ko fentinta ya dushe, mai ita na hawa yana jin daɗi, kuma ranar da hali ya samu ba abin da ya hana a yi mata babban aikin.

Alhaji na Houston: Wannan na kwali-kwali gaskiya ne, na ga irinsa. Amma ina nan a kan bakana game da kurom. Baƙar mota da bamba mai ƙuraje ba ta ganuwa.

Hajiya Mai Lissafi: Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni ba na hana shi, sha'awa ce, wasu ma a abin da bai kai wannan ba suke zubarwa. Abin da nake so ya rubuta adadin da zai iya kashewa a shekara ba tare da ya taɓa kuɗin gida da na aike ba, ya nuna wa uwargida. Kuma ku duka kun manta takarda. A Ohio ba a yi wa mota rajista sai da takardar mallaka, kuma sa hannun mai sayarwa sai an yi shi gaban mai hatimin shaida. Mai motar ya rasu. Wa zai sa hannu? Sai wanda kotun gado ta ba ikon kula da dukiyar. In jika ne kawai ya karɓi kuɗinka ya rubuta maka rasit, ka sayi ƙarfe tan 2 da ba za ka iya hawa titi da shi ba.

Baban Walid: Wallahi wannan bai zo min a rai ba. Na gode Hajiya. Ranar Asabar zan je in gan ta. Kawu, me zan duba?

Kawu Detroit: Ka tafi da tocila, ƙaramar guduma, sukundireba, maganaɗisu, jak mai ƙarfi da abin tokarewa. Kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai, nauyinta ya haura kilo 2,000.

Shasi za ka fara dubawa, shi ne zai yanke hukunci. An yi mata shi na musamman, ya lotsa ƙasa tsakanin tayoyi don motar ta yi ƙasa-ƙasa ba tare da kan mutum ya taɓa rufi ba. Ƙarfen rufaffe ne kamar akwati, ruwa da laka kan shiga su kwanta, sai ya ci daga ciki alhali waje na nuna lafiya. Ohio kuma ƙasar gishiri ce, duk hunturu ana watsa shi a titi saboda ƙanƙara. Ka bi shi da guduma taku-taku. Inda ya yi ƙara tangararan lafiya, inda ya yi bif ka soka sukundireba. Ka duba ƙasan sito ɗin ma: in siminti ne da sauƙi, in turɓaya ce raɓa ta shekara da shekaru tana tashi tana shigar ta. Sai ƙarƙashin ƙofofi, inda bututun salansa ke bi, da ƙasan but, da ƙarƙashin kafet. Maganaɗisun kuma ka bi gefen bodi da shi, inda ya ƙi kamawa akwai fila. Sai dai ka sani a wajen haɗin ƙarfe kamfani da dalma ya cike, nan ma ba ya kamawa sosai, ba algus ba ne.

Kashin ɓera kada ka share shi a bushe, kada ka zuƙe da inji. Akwai wata cuta, hantavirus, da ake ɗauka ta ƙurarsa, tana kama huhu. Ka sa takunkumi da safar hannu, ka jiƙa shi da ruwan bilic tukuna.

Abu na ƙarshe, kada ka bari kowa ya kawo batir ya ce bari a gwada.

Injiniya Ƙarami: Me ya sa, Kawu? Ai da an ji ko tana da rai.

Oga Panteka: Wannan ni zan amsa, don ko a nan haka ne. Injin da ya daɗe a ajiye ringi ya manne da silinda. Ka ba shi wuta da ƙarfi, ko ringi ya karye ko wani abu ya lanƙwashe. Cire fulogi ake yi duka, a zuba man giya a kowane rami, a bar shi ya jiƙa kwana da kwanaki, sannan a sa sifana a kan kurangashaf a riƙa rarrashinsa gaba da baya. Ga tsohon fetur da ya zama danƙo a tanki, ga waya da ɓera ya ci. Gobara ke nan.

Kawu Detroit: Oga ya gama magana. In ƙara da cewa kafiretan da ke kan ta 1956, Holley ne da ake wa laƙabi da butar shayi saboda siffarsa, ya yi suna wajen yoyon mai a kan inji mai zafi. A ba wanda ya san shi ya gyara, a sake duk robobin mai da irin na yanzu, don fetur ɗin Amurka akwai kashi 10 na etanol a ciki, yana cin tsohuwar roba. Baƙin mai kuma a nemi mai sinadarin zinki na tsofaffin injina.

Wuri ɗaya da na yarda da Injiniya shi ne birki. Na asalin Treadle-Vac ne, layi ɗaya ne tal ga tayoyi huɗu. In ya yi yoyo a wuri guda, ko robar ciki ta saki man ya zuƙe, feda sai ta tafi ƙasa ba komai. Tun ƙarshen shekarun 1960 doka ta wajabta layi biyu a sababbin motoci saboda haka. Wanda zai ɗauki iyalinsa a ciki ya sake bututun birki duka, ya yi tunanin mayar da ita layi biyu, ya ajiye na asalin a kwali. Takalman birkin na da kuma akwai asbestos a jiki, kada a hure ƙurar.

Alhaji na Houston: Au, Kawu mai "a bar ta yadda take" ne ke canza birki? 😄

Kawu Detroit: Fenti bai taɓa kashe kowa ba, Alhaji.

Shugaban Zaure: Jama'a, masu turo tallan tokunbo a ƙarƙashin wannan zancen na goge.

Baban Walid: Salam. Na je na dawo, ga sababbin hotuna. Ƙasan siton siminti ne, alhamdu lillahi. Lambar jikinta ta kamfani ta fara da C56. Shasin na bi shi da guduma, ko'ina tangararan sai wuri ɗaya a gaban tayar baya ta dama, nan sukundireba ya ɗan shiga. Ƙasan but ya huje wajen tafin hannu biyu. Murfin taya uku ne, na huɗun ba wanda ya san inda yake. Gilasai duka lafiya. Fentin rufi da na bonet ya yi tsaga-tsaga kamar gizo ya yi saƙa, amma gefe da na goga da tsumma sai ga baƙi na sheƙi. Akwai na'urar sanyi, wani akwati ne a cikin but. Injin ban taɓa shi ba. Takarda kuma suna nema, babbar 'yar mamacin ce kotu ta ba riƙon gadon, ta ce in an gani za ta sa hannu, in ba a gani ba za ta nemi wata.

Kawu Detroit: Na'urar sanyin nan ita kaɗai ce abin da ake ƙara wa kuɗi a motar, dala 595, sauran komai da shi take zuwa. Ba duka ke da ita ba, don haka ta ƙara mata daraja. Amma da gas ɗin R-12 take aiki, wanda aka daina yi a Amurka tun tsakiyar shekarun 1990, ka sa ta a ƙarshen layi. Ƙasan but aikin mai walda ne, ba ya tayar min da hankali. Murfin taya ka shiga ƙungiyar masu Lincoln da Continental ka yi cigiya, ko ka je kasuwar tsofaffin kaya ta Hershey a Pennsylvania a watan Oktoba, ka tafi da takalmin tafiya.

Wurin nan na shasi shi ne ban gamsu ba. Hoton ya yi duhu, kuma kusa yake da inda sifirin baya ke kamawa. In tabo ne guda, a yanke a sa faci. In ya bi ciki ya yi tsawo, sai an ɗaga bodi daga kan shasi, wannan kuwa shi ne babban aikin da nake ce maka ka guje wa, kuma dala 9,500 ta yi yawa.

Alhaji na Houston: Rufi da bonet sun tsage, ka ji ko? Fenti dai za a yi.

Kawu Detroit: Rufi da bonet, Alhaji. Ba a ce mota duka ba.

Oga Panteka: Ni dai tayin kwantena na nan.

Hajiya Mai Lissafi: Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga takarda da sunan mamacin da lambar da ta yi daidai da ta jikin motar. Maman Walid fa?

Baban Walid: Da ita muka je, Hajiya. Ta ce warin ɓera ba zai shigar mata gareji ba sai an wanke a can. Kawu, na yi magana da wani mai walda da ke da ƙaramar kyamara mai shiga rami, zai raka ni mu leƙa cikin shasin. In ya nuna ya yi tsawo, nawa kake ganin zan taya?

Kawu Detroit: Turo hoton cikin tukuna, da tef ɗin awo a gefe. Ka leƙa ɓangaren hagu ma a daidai wurin, ko da guduma ta ce lafiya.